Kamu Biyu, Yadi Ɗaya

Ba a taɓa yin wata rana a Yawuri da sankira ya zaga gari yana shelar cewa daga yau an daina awo da hannu ba. Kamu da gaba da taƙi sun ja da baya ne sannu a hankali, rumfa bayan rumfa, sana'a bayan sana'a, har aka wayi gari in ka ce wa ɗan sakandare a Yelwa ya yanko maka igiya kamu shida sai ya tsaya yana kallon bakinka. Duk da haka ba su mutu ba. Suna nan a cikin jirgin masunci, da zauren malam, da hannun tsohuwar da ta zo sayen zanen jikarta. Sai dai yanzu duk mai aiki da su lissafi biyu yake yi, ɗaya don kansa, ɗaya don mai kanti.

Ga wanda bai tashi da waɗannan ma'aunai ba, kamu shi ne tsawon hannu daga gwiwa zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, abin da malamai ke kira zira'i. Gaba kuwa, mutum ya ware hannuwansa biyu iyakar warewa, a ɗauka daga yatsan dama zuwa na hagu. Taƙi buɗin yatsu ne, daga babban yatsa zuwa iyakar inda ɗan'uwansa ya kai. Abin da ya gaza haka sai a koma ƙirga yatsun kansu, biyu, uku, huɗu. Kowa da nasa: masu tufafi sun riƙe kamu, masu tufkar igiya da haƙar rijiya da shiga ruwa sun riƙe gaba, masassaƙa da masu ɗinkin hula suna yi da taƙi, yatsa kuwa an bar wa mai saƙar raga. Allah kuma ya ɗora wani daidaito a jikin ɗan Adam, ta yadda a galibin mutane kamu huɗu ke ba da gaba ɗaya.

Da yadin Bature ya iso sai ya tarar da gurbinsa a share. Yadi inci 36 ne, kamun matsakaicin namiji kuma bai cika nisa da inci 18 ba. Ke nan kamu biyu yadi ɗaya, yadi biyu gaba ɗaya, babu buƙatar allo balle alƙalami. Turmin atamfa mai yadi shida ya zama kamu goma sha biyu, ko gaba uku. Ina ganin wannan dacewar ce ta sa yadi ya yi saurin zama ɗan gida a kasuwanninmu, ita ce kuma ta sa mita, duk da dokar gwamnati da ta rako ta, har yau take zaman baƙunta.

Yawuri ta daɗe da sanin ciniki. Tun kafin a ji ɗuriyar Bature, fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja suna ratsa ƙasar su ƙetare Kwara, jakunansu ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Richard Lander da ƙaninsa John, waɗanda suka yi makonni a Birnin Yawuri a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, sun rubuta cewa mutanen garin na saƙa tufafinsu, suna yin sirdi, har albarushi suna haɗawa. Tufar wancan zamani ba ta da faɗi irin na ta inji. Masaƙi zai yi wadari tsakanin turaku, ya ɗaura kunkuru, ya riƙa fitar da siririn ƙyalle mai faɗin 'yan yatsu, a naɗe shi zugu. Sai an yanyanka, an jera, an ɗinke kafin ya zama zane ko riga. Don haka awon tufa kashi biyu ne, tsawo da kamu, faɗi kuma da yawan layukan da aka haɗa. A Barno irin wannan ƙyalle, gabaga, shi kansa kuɗi ne, da shi ake sayen hatsi kafin wuri ya wadata a can.

Dattawa kan ba da labarin yadda mai saye ke zuwa kasuwa da dogon mutum a bayansa, mai sayarwa kuma ya sa gajeren yaronsa ya yi awo. Ana faɗa ana dariya, amma lissafin ba na wasa ba ne. Kamu mai inci 17 da mai inci 19 duk kamu ne, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A kamu goma sha biyu bambancin ya kai inci 24, ƙafa biyu cur, ɗankwalin yarinya ke nan ya salwanta. Wanda ya dubi wannan da idon yau zai ce ai caca ake yi da sunan awo.

Ni ban ɗauke shi haka ba. Gaskiya ne kamu ba shi da tsayayyen tsawo, amma wannan rauni nasa a fili yake, kowa na gani. Mai saye na kallon hannun da ake auna masa da shi. In bai gamsu ba, nasa ma'aunin na rataye a kafaɗarsa, sai ya karɓi ƙyallen ya maimaita. Ciniki ba ya faɗawa sai an daidaita a kan hannun wa za a bi, kuma wannan daidaitawar tana cikin farashi. "Malam, da naka za mu auna ko da nawa?" "Da naki, Inna, amma fa kuɗin ba na ɗazu ba ne." In gardama ta yi tsawo a yafito wani dattijo da ke kusa a yi da hannunsa. Bayan an gama kuma ga gyara, a saki yatsu biyu ko uku kafin a sa wuƙa. Attajiri da talaka, mai karatu da wanda bai taɓa riƙe allo ba, kowa ya fito daga gida da ma'auninsa.

Fadar Sarkin Yawuri ta koma Yelwa a 1888, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kamfanin Royal Niger ya kafa wurin ciniki a bakin kogin. Ta hannunsa, da kantunan da suka biyo bayansa, akoko da alawayyo da atamfa suka yawaita, faffaɗan ƙyalle daga masaƙun Mancesta, an riga an ƙirga yadinsa tun daga can. Akawun kanti ba zai rubuta kamu a littafinsa ba, domin wanda zai duba littafin yana Lakwaja ko Landan, bai san tsawon hannunsa ba. Sai sanda ta shigo, ko layin tagulla da aka kafe a bakin tebur. Tun daga lokacin ma'auni ya zama abin mallaka. Yana hannun mai kaya, a cikin rumfarsa, mai saye kuwa da idonsa kawai ya zo. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, akoko ya ƙara araha, masu wadari suka yi ta raguwa, kamu ya rasa abin da aka fi saninsa da aunawa.

Abin mamaki, shi yadin ma daga jiki ya fito. Turawan Ingila na da labarin cewa wani sarkinsu, Henry na Ɗaya, ya miƙa hannu aka auna daga hancinsa zuwa babban yatsansa, aka ce yadi ke nan. Ko gaskiya ne ko ƙage, irin awon da masu tallar yadi ke yi ke nan har gobe a kasuwar ƙauye in an manto sanda a gida. Matuƙan jiragen ruwansu su ma da gaba suke auna zurfi, sai dai sun tsayar da tsawon a ƙafa shida. Suna kuma da wani ma'auni na faɗin tafin hannu, wanda aka tsayar a inci huɗu tun zamanin Henry na Takwas. Tara irinsa ke yin yadi ɗaya. Yau tsayin doki kawai ake aunawa da shi, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, kuma 'yan ƙwallon doki na Katsina da Kaduna sun san shi sarai. Dokin da aka ce hannu 15 ne, tsayinsa inci 60, wato yadi ɗaya da ƙafa biyu. Turawan dai hannu guda suka zaɓa suka zuba shi a ƙarfe suka kulle a gidan gwamnati, mu kuwa muka bar wa kowa nasa. A 1959 ma Ingila da Amurka da wasu ƙasashe huɗu suka koma suka ɗaure yadin da mita, suka ce mita 0.9144 ne daidai.

Ba zan ce sanda ba ta yi rana ba. Ita ta sa ɗan kasuwar Yelwa ke aika saƙo Kantin Kwari ko Anacha a turo masa kaya ba sai ya je da hannunsa ba. Ita da tef suka sa tela ke rubuta awon mutum a littafi, ya ɗinka masa rigar Salla alhali yana can Legas. Amma ha'inci bai ƙare ba, mazauni ya sake. Akwai sandar da aka ɗan fiƙe wa kai. Akwai babban yatsan da ke zamewa baya kaɗan duk sa'ad da aka ɗaga sanda. Akwai jan ƙyalle mai miƙewa har sai ya kai inda ake so, a je gida ya koma yadda yake. Da can mai tauyewa a gaban idonka yake yi, da hannun da kake kallo. Yanzu yana yi da abin da aka ce maka ba ya ƙarya. Shi ya sa har yau za ka ga mace ta karɓi yadi biyar da aka yanka mata, ta koma gefe ta bi shi da hannu, sai ta ƙirga kamu goma sannan ta kwance bakin zane ta biya. Masu rumfa kan ji haushin wannan. A ganina ita ce mai binciken awo da ba ta taɓa fashin zuwa aiki a kasuwar ba.

A farkon shekarun 1970 Nijeriya ta jero sauye-sauye: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, dokar awo ta 1974 kuma ta ɗora ƙasar a kan mita da kilo da lita. Fam da sule suka tafi, galan ya bar gidan mai, mil ya sauka daga allunan hanya. Yadi ya ce allambaram. Mita ta ɗara yadi da inci uku da 'yan kai, kusan faɗin yatsu huɗu, kuma wannan ɗan ƙarin ne ya hana ta shiga lissafin kamu, don ta wuce biyu, ba ta kai biyu da rabi ba. To duk inda ma'aunai biyu suka zauna tare, akwai mai cin abin da ke tsakaninsu. Shaddar da ake saƙawa a Turai, irin su Getzner ta Ostiriya, da mita take zuwa. Mita goma kuwa yadi goma sha ɗaya ne ba kaɗan. Wanda ya saro da mita ya sayar da yadi ya tsira da kusan yadi guda a kowace goma. In ya bayyana babu laifi. Ko sau nawa ake bayyanawa, wannan sai masu rumfa. Yaronmu kuwa a aji ana koya masa santimita, a kasuwa a ce masa yadi, a gida kakarsa ta ce kamu, kuma babu darasin da ake haɗa masa ukun wuri ɗaya.

Malamanmu sun riga kowa ɗanɗana wannan wahala. A littattafan Malikiyya irin su Risala, tafiyar da ake yi wa ƙasaru mil 48 ce, shi kuma mil da zira'i ake ƙirga shi. Zira'i nawa? Wasu malaman mazhabar sun ce 2,000, wasu sun ce 3,500. Shi ya sa in ka tambayi kilomita nawa ke nan, amsar kan bambanta daga zaure zuwa zaure, ko da yake an fi jin tamanin da wani abu. Akwai kuma inda ba a cika neman tef ba sam: in an yi rasuwa kara ake samowa a gwada tsawon mamaci, a miƙa wa masu haƙa.

Wannan duk na tudu ne. Na ruwa ya fi shi nauyi, domin a can kuskuren awo ba ɗankwali yake ci ba.

Kafin a yi dam ɗin Kainji, Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna bakin Kwara sun san kogin kamar yunwar cikinsu. Matuƙi ya san inda gorarsa ke taɓa ƙasa da inda ba ta taɓawa. Ya san gurbin da ke gaba uku da rani ya koma biyar in farin ruwa ya zo da damina, ya kuma san lokacin da baƙin ruwa, mai tasowa tun daga tsaunukan Gini, ke isowa cikin hunturu ya sake ɗaga kogin. Ba a rubuce wannan ilimi yake ba, uba ke nuna wa ɗa da gora a hannu.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Injiniyoyin Ingila da Holan da suka tsara aikin, wanda kamfanin Impregilo na Italiya ya gina, sun ja layi a taswira inda ruwa zai tsaya, kimanin mita 142 sama da teku. Duk abin da ke ƙasa da layin ya tafi: tsohuwar Busa, mafi yawan tsibirin Foge, tsibiran da Gungawa ke noman albasa, har da wani ɓangare na Yelwa kanta. Mutum wajen 44,000 aka tayar. Tafkin da ya samu ya haura kilomita 130 a tsawo, faɗinsa a wani wurin ya wuce kilomita 20, zurfinsa kusa da dam kuma ya kai mita 60, gaba talatin da ɗoriya. Babu gorar da za ta taɓa ƙasan wannan. A damina ɗaya ilimin da aka tara kaka da kakanni ya zama labari, dattijon da ya san kowane dutse tsakanin Yelwa da Busa ya koma ɗan koyo tare da jikansa, a kan ruwa mai raƙuma, mai ɓoye kututturan itatuwan da ya shanye. Ga shi kuma tsakanin cikar tafkin da janyewarsa a kowace shekara akwai kusan mita goma, sama da gaba biyar, kuma ba damina kaɗai ke da ta cewa a wannan ba, har da yadda masu wutar lantarki suka buɗe ko suka rufe. Kututturen da ka bi ta kansa lafiya a Janairu shi zai fasa maka jirgi a Yuli.

Gidajen da aka gina wa waɗanda aka tayar ma haka. Mai zanen, Robin Atkinson, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin ginin kowace al'umma, amma ɗakin siminti da aka auna a takarda ba ya ƙaruwa in iyali sun ƙaru. Magidancin da ya saba kafa turke ya ja igiya ya zana ɗaki daidai buƙatarsa, bai daɗe ba ya koma kwaɓa ƙasa a bayan sabon gidan.

Jirgin ma ya canza. Kwalekwalen da ake fafewa daga itace guda ya ba da wuri ga na katako, wanda kafintocin Yawuri suka yi suna a kansa, shi kuma katako da ƙafa ake sayensa. Aka ɗora inji, jirage suka yi girma, suna kwasar mutane da babura da buhuna a tafiya ɗaya. Amma awon lodi bai motsa daga inda yake ba, har yau matuƙi leƙawa yake yi ya ga abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. "Direba, ruwa fa ya kusa baki." "Haba Baba, saura yatsu huɗu, da sauran wuri." Yatsu huɗu sun isa a kogi mai kwanciya, ba su isa a tafkin da iska ke tayarwa cikin ƙiftawar ido ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira, kuma hukumomi sun ɗora alhakin a kan lodin da ya wuce ƙima. Ingila ta sha irin wannan baƙin ciki har sai da dokar 1876, wadda Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka a kai, ta tilasta a zana layi a jikin jirgi, in ruwa ya rufe shi an wuce iyaka. Abin da ya burge ni da wannan layi shi ne ba ya motsi, kuma a waje yake, fasinjan da ke tsaye a gaɓa yana ganinsa kafin ya sa ƙafa.

Sai raga. Da can masunci shi ke murza zarensa ya saƙa kallinsa ido bayan ido, yana gwada faɗin idon da yatsunsa, yana auna tsawon da gaba. Tun da zaren nailan ya zo saƙar ta koma masana'anta, kalli ya zama abin saye a kanti. A bandir yake zuwa, bandir kuma yadi 100 ne. A nan lissafin da ya fi ba ni sha'awa yake. Yadi 100 gaba 50 ne, wannan kowa ya sani. Amma ɗarin masana'anta an auna ta ne ragar na miƙe tsam, idanunta a rufe, raga kuwa ba ta kama kifi sai idanun sun buɗe. Don haka in an zo ɗaura ta a igiya sai an riƙa tattaro ta, kuma yawanci tsawon kan koma wajen rabi. Bandir guda ya ba da kalli mai gaba 25 ko sama da haka kaɗan, gwargwadon yadda mai ɗauri ya so idon ya buɗe, shi ma gwargwadon kifin da ya nufa, don mai faɗin jiki da mai tsawo ba buɗi ɗaya ke riƙe su ba. Daga nan zai san igiya gaba nawa zai saya, ta sama da ta ƙasa, dalma nawa, guntayen silifa nawa za su ɗaga ragar ta tsaya a ruwa. Tazarar da ke tsakanin dalma da dalma kuma da kamu ko taƙi ake sa ta. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba yana wannan lissafi da ka, a tsugune a kan yashi a Wara ko Zamare, ya juya yadi zuwa gaba, ya cire rabi, ya raba saura da kamu, allurar ɗauri a bakinsa. Da a takarda aka ba ɗan sakandare shi, sai ya nemi kalkuleta.

Idon raga kuwa, nan hannu ya gaza, kuma gara a faɗa ba kwana-kwana. Masunta na kiran raga da yawan yatsun da ke shiga idonta: mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu. Muddin kowa na saƙa tasa, kogin kuma na da yalwa, wannan ya wadatar. Bayan an tare ruwa kifi ya yi ambaliya. Masu bincike na cibiyar Sabuwar Busa, wadda yau ake kira NIFFR, sun ƙiyasta abin da ake kamawa a shekara ya haura tan 28,000 a farkon shekarun 1970. Labari ya bazu, masunta suka kwararo daga sama da ƙasan kogin. Kafin shekarun su ƙare adadin ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar halin kowane sabon tafki ne, in abincin da ciyayin da suka nutse suka bari ya ƙare. Amma da manyan kifi suka yi wuya sai aka shiga rage ido, daga huɗu zuwa uku zuwa biyu, ana kama faliya da karfasa tun ba su yi ƙwai ba. Daga baya dala ta shigo, tarun da idonsa bai fi na gidan sauro ba, wanda ake ja don warangi amma yake kwaso 'ya'yan kowane irin kifi.

Dokar tarayya ta 1992 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta ce kada idon raga ya gaza milimita 76, wato inci uku. A cikin shekarun 1990 kuma aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus a tafkin ya sa jihohin Kebbi da Neja suka yi nasu dokokin, aka shigo da lasisi, aka haramta dala, aka jawo sarakunan Yawuri da Borgu da sarakunan ruwa cikin lamarin. To amma inci uku yatsa nawa ne? Sai an ga mai yatsun. Ukun ƙaton da ya tsufa yana jan igiya sun kusa cika shi, ukun yaro ɗan shekara goma sha biyar ba su kai ba. Hanyar gwajin ma ba ɗaya ba ce: ma'aikaci jan idon yake yi ya miƙe, ya auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, masunci kuwa cusa yatsu yake yi ya buɗe shi. Mutum biyu na iya tsayawa a kan raga ɗaya kowa ya rantse, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A cinikin zane irin wannan saɓani da gyara yake ƙarewa, domin masu haƙƙin biyu suna tsaye. A nan wanda ake tauyewa ba ya wurin. Masuncin da ke can sama a ƙasar Shanga ne, da yaron da bai isa shiga jirgi ba tukuna, kuma babu mai cewa a maimaita da hannunsa a madadinsu. Irin wannan awo tilas ya zama ɗaya daga Shanga har bakin dam.

Inda nake ganin giɓi shi ne adadin ya zo, ma'aunin bai zauna a hannun jama'a ba. A tungayen da na sani inci uku na cikin takardar doka da aljihun ma'aikaci, masunci kuma ya ci gaba da abin da ke jikinsa, ba ya ganin tef sai ranar da aka zo masa da maganar ƙwace raga. Alhali abin da ake buƙata bai kai kuɗin mudun warangi ba. Ɗan guntun katako ne mai inci uku daidai, wanda kowane kafinta a Yelwa zai fitar da ɗari daga ragowar aikinsa kafin azahar. A rataye ɗaya a rumfar mai sayar da raga, ɗaya a ƙofar sarkin ruwa na kowace tunga. Mai saye ya cusa shi a idon bandir kafin ya biya, ya kuma gwada shi da yatsunsa sau ɗaya, ya san ko shi mai uku ne ko mai uku da rabi, yadda matan kasuwa suka daɗe da sanin kamunsu nawa ke cika yadi biyar. Makarantun firamare na Ngaski da Shanga ma na iya farawa daga nan: a sa kowane yaro ya auna kamunsa da taƙinsa da tef a farkon zango, ya rubuta a bangon littafinsa da inci da santimita, a sake aunawa in shekara ta zagayo, tunda hannun yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya.